In za a gyara dokar sadarwa, a fara da sashe na 148

A makon farko na Satumban 2021 wata hidimar dangi ta kai ni Funtuwa, kuma abin da na gani a tashar mota har yau yana raina. Motocin Gusau suna ta sauke mutane, da yawansu ba kasuwa ce ta kawo su ba, waya suka zo bugawa, saboda gwamnati ta sa an katse layukan waya a jihar Zamfara. Mutum ya biya kuɗin mota, ya ratso hanyar Tsafe da kowa ya san halinta, yana sauka ya koma gefe ya kunna waya. Wani dattijo ya matso kusa da ni da 'yar takarda a ninke, lambobi uku a rubuce da biro. Ya ce, "Ɗana, don Allah karanta mini ta tsakiyar nan, idon ya yi rauni." Na karanta masa, ya danna. 'Yarsa ce da ke aure a Kaduna, ya zo ne ya shaida mata an yi rasuwa a gida, har an yi addu'ar uku. Sauran lambobin biyu na maƙwabta ne da suka ba shi sallahu. Da ya gama na ce, "Baba, Allah Ya jiƙan rai." Ya amsa, ya mayar da takardarsa aljihu, ya tafi neman motar komawa tun rana ba ta yi sanyi ba. Bayan 'yan kwanaki Funtuwar ma sabis ɗinta ya ɗauke, masu irin wannan tafiya sai suka miƙa har Zariya.

Dattijon nan nake tunawa duk lokacin da na ji ana maganar yi wa dokar sadarwa kwaskwarima. Maganar ta daɗe ana yin ta, a cikin Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, da kuma a Majalisar Tarayya, inda a 2025 kwamitin sadarwa na Majalisar Wakilai ya tara masu ruwa da tsaki a kanta. Dalilin da ake kawowa kusan guda ne kullum: doka ta tsufa, an rubuta ta kafin Facebook da WhatsApp, kafin 5G, kafin intanet ɗin tauraron ɗan'adam irin na Starlink, kafin ƙirƙirarriyar basira. Duk gaskiya ne. Sai dai ni ba nan damuwata take ba. Wurin da dokar ta fi buƙatar gyara wuri ne da babu kamfanin da zai ɗauki nauyin taro a otal don a tattauna shi, domin ba aljihun kamfani ya fi taɓawa ba.

Kafin in je can, bari in ba dokar haƙƙinta, don doka ce da ta yi aiki. Gwamnatin soja ce ta kafa hukumar a 1992, amma ba ta yi ƙarfi ba sai bayan komawa mulkin farar hula. A Janairun 2001, lokacin shugabancin Ernest Ndukwe, aka yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowane lasisi a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. Kafin nan layukan NITEL, kamfanin waya na gwamnati, a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, wanda ya taɓa bin layin buga waya a ofishinsu ya san abin da nake nufi. A 2003 Shugaba Obasanjo ya sa hannu a kan dokar da ake amfani da ita yanzu. Ita ta ba hukumar ikon ba da lasisi, da raba zangon iska, wato hanyoyin da sabis ke bi a iska, da amincewa da farashi, da hukunta kamfanin da ya saɓa. A ƙarƙashinta ne aka ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 a 2015 saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a yi wa rajista yadda ya kamata ba, kafin a sasanta a kan naira biliyan 330 a 2016. Dokar da ta fitar da ƙasa daga layuka dubu ɗaruruwa zuwa sama da miliyan 150 ba ta cancanci a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Shi ya sa ma nake so a taɓa ta da hankali.

Sashe na 148 yana can wajen ƙarshen dokar, cikin abubuwan da suka shafi tsaron ƙasa. Abin da ya ƙunsa shi ne, idan wani lamarin gaggawa ya taso, ko kuma don kare lafiyar jama'a, hukuma na iya dakatar da lasisin kamfani, ko ta karɓe ikon kayan aikinsa na ɗan lokaci, ko ta janye sabis gaba ɗaya ko wani ɓangarensa daga mutum ko daga al'umma baki ɗaya, ko ta hana isar da wasu saƙonni. Iko ne babba ƙwarai, amma sashen bai faɗi wanda zai tabbatar da cewa gaggawar ta taso ba, bai sa wa'adi ba, bai ce a je gaban alƙali ba, bai ce a sanar da majalisa ba, bai ma ce a buga umarnin jama'a su gani ba. Ya dai tuna da kamfani, ya ce idan an karɓe kayansa a biya shi diyya. Mai shago da matar da ke naƙuda da ɗalibin da ke jiran sakamakon jarrabawa, babu wanda ya tuna da su.

A 2003 wannan gibin bai zama abin tsoro ba. Waya a lokacin kayan masu hali ce, sayen layi kaɗai sai mutum ya shirya. In an kashe sabis a gari, 'yan kasuwa kaɗan da ma'aikata ne za su ji a jikinsu. Yau wayar nan ita ce bankin talaka, ita ce hanyar da ɗan da ke ci-rani a Legas ke turo wa uwarsa kuɗin cefane, ita ce jarin mai POS, ita ce kiran mai Keke Napep da tsakar dare in ciwo ya tashi. Gwamnati da kanta ta ɗaure rayuwar mutane a jikin layin waya, tun daga haɗa shi da lambar NIN da aka fara a Disambar 2020 har zuwa matsa wa jama'a su rage hulɗa da tsabar kuɗi. Ba zai yiwu a tura mutane su dogara da abu kacokan ba, sannan a bar makunninsa a hannun da babu mai tambayarsa.

Kuma ba zato nake yi ba, mun gani sau uku. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. A farkon Yulin shekarar aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo a Yobe aka kashe mutum sama da 40, yawancinsu ɗalibai, kuma mutanen yankin sun koka cewa ba su da hanyar kiran agaji. Ba a daɗe ba aka dawo da sabis a Yobe, Borno kuwa ta ɗauki watanni. A watan Yunin 2021 ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter, kamfanonin waya suka ce sun sami umarni daga hukuma, aka toshe shi har 13 ga Janairun 2022. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Hukuncin ya zo ne bayan an riga an gama, kamar ihu bayan hari.

Na uku shi ne namu na Arewa maso Yamma. Bayan sace ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun ranar 1 ga Satumban 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta nemi a rufe layukan Zamfara. Ranar 3 ga wata hukuma ta rubuta wa kamfanoni, aka ce mako biyu ne a matakin farko. Jama'a da dama ba su san da wasiƙar ba sai da ta ɓulla a kafafen yaɗa labarai. Mako biyu ya wuce, Gusau ba ta ga sabis ba sai farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsakanin nan aka haɗa da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, 14 na Sakkwato, da wasu na Kaduna.

Ba zan ɓoye ba, lokacin da aka sanar da matakin ina cikin waɗanda suka ce a gwada. Wanda ya san yadda ɓarayin daji ke amfani da waya, yadda infoma ke zaune cikin gari yana gaya musu motsin sojoji da wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa, yadda ake cinikin kuɗin fansa ta waya kamar cinikin akuya, ba zai yi saurin kushe duk wani yunƙuri na toshe musu hanya ba. Mutanen ƙauyuka da yawa sun yi maraba da shi, sun haƙura da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka da aka haɗa da shi. Har yanzu ban ce kada gwamnati ta taɓa samun irin wannan iko ba. Akwai ranar da sojoji za su shiga daji, kashe sabis na kwana biyu ko uku a yankin ya zama shi ne bambanci tsakanin nasara da kwanton ɓauna.

Abin da na ƙi shi ne a kashe, a tafi, babu wanda doka ta tilasta wa ya dawo ya ce ga abin da aka samu. Ɓarayin ba su zauna jira ba. Waɗanda ke kusa da iyaka sun koma layukan Jamhuriyar Nijar, wasu suna da oba-oba, kuma babur da daji ba su buƙatar sabis. Wanda aka bari a duhu shi ne mutumin ƙauye da a da yakan kira ɗan'uwansa a ƙauyen gaba ya ce masa ga su nan tafe, ku gudu. A tsakiyar Oktoban 2021 aka afka wa kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato aka kashe mutum sama da 40, kuma bayan haka Gwamna Aminu Waziri Tambuwal da kansa ya nemi a dawo da sabis, don katsewar tana kawo wa jami'an tsaro cikas. Wanda ya nemi a rufe shi ya dawo yana neman a buɗe. Da dokar ta tanadi a riƙa waiwayar matakin kowane mako a gaban wani da ba shi ya ɗauke shi ba, da wataƙila an gane haka tun da wuri.

To me nake so 'yan majalisa su rubuta? Abu na farko wa'adi. Umarnin katse sabis ya mutu da kansa bayan 'yan kwanaki ƙayyadaddu, in ana son ƙari a je Babbar Kotun Tarayya a nuna hujja, ko da a asirce ne saboda bayanan tsaro. Wannan ba baƙon abu ba ne a tsarinmu. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki bai bar shugaban ƙasa kansa ya kafa dokar ta-ɓaci ya yi shiru ba, sai an buga ta a jaridar gwamnati, sai kuma majalisun biyu sun amince da kashi biyu bisa uku cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ta rushe. Ta yaya za a ɗaure shugaban ƙasa da wannan igiya, a saki hukumar da shi ya naɗa shugabanninta ta raba miliyoyin mutane da duniya da wasiƙa guda? Indiya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen katse intanet, kotun ƙolinta ta yanke a Janairun 2020, a shari'ar Kashmir, cewa dole a riƙa buga irin waɗannan umarni kuma ba a yarda da katsewa marar wa'adi ba, daga baya aka ƙayyade kwana 15 ga kowane umarni. Ba su daina katsewa ba, amma akwai takardar da lauya zai riƙe ya shiga kotu da ita.

Takardar nan ita ce abu na biyu, kuma a ganina ta fi wa'adin ma muhimmanci. A rubuta wanda ya nema, da yankin da abin ya shafa, da ranar farawa da ta ƙarewa, a sanar a rediyo da harshen da mutanen wurin ke ji kafin a kashe ko da da 'yan sa'o'i ne, in yanayin aikin tsaro ya bari. Mai ciki ta san ta koma kusa da asibiti, ɗan kasuwa ya ciri kuɗinsa. In an gama, a kai wa majalisa rahoto: sansani nawa aka tarwatsa, mutum nawa aka ceto, hare-hare sun ragu ko sun ƙaru. Dokar yanzu tana da hanyar ƙorafi, mutum ya nemi hukuma ta faɗi dalilinta, ya nemi ta sake duba matakin, sannan ya tafi kotu. Hanya ce da aka shimfiɗa don kamfani mai lauyoyi da ke jayayya kan lasisi. Manomin Dansadau da ba shi da sabis ba zai iya bin ta ba.

Sannan a bar wata kafa a buɗe. Injiniyoyi sun san ana iya rufe intanet a bar kira, ana iya rufe ƙarfen sabis na bakin daji a bar na cikin gari, ana iya barin lambar gaggawa ta 112. Dokar ta wajabta a fara da mafi sauƙin mataki, wanda ya nemi a rufe jiha sukutum shi zai kawo dalilin da ya sa ƙaramin mataki ba zai wadatar ba. Datar da mutum ya saya ta wata guda ta ƙare a cikin duhu kuwa, a mayar masa da ita. Kuɗi ne kaɗan a wurin kamfani, amma yana nuna an san da mutum.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in hukumar ba ta da ƙarfin cewa a'a. Dokar 2003 ta ce minista zai riƙa sanar da hukuma manufofin gwamnati a rubuce, ta kuma ɗora masa alhakin kare 'yancinta. A takarda abin ya yi kyau. A aikace mun ga yadda umarni ke fitowa daga sama ya wuce ta cikin hukumar kamar ruwa a kwararo, batun Twitter ya isa misali. Ba laifin wani mutum guda nake gani ba. Daga Eugene Juwah zuwa Farfesa Umar Garba Danbatta zuwa Dakta Aminu Maida, ƙwararru ne aka riƙa naɗawa shugabancin hukumar. Amma ƙwararre ma yana buƙatar sashen doka da zai nuna wa gwamna ko minista ya ce, ranka ya daɗe, wannan ba ni da ikon yin sa sai da takardar kotu. Ɗaure hannun hukuma a wannan wuri kariya ce gare ta. Ina tsoron kada gyaran da ake shirin yi ya juya ya zama akasin haka, a fake da zamani a ƙara wa ofishin minista iko, ko a rarraba aikin tsakanin hukumomi har a rasa wanda za a kama. Mun ga ja-in-jar da ƙudirin dokar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, ya tayar a 2022 a kan irin wannan shiga hurumi. A fayyace aikin kowa, tsakanin NCC da NITDA da hukumar kare bayanan sirri da aka kafa da dokar 2023 da hukumar kare haƙƙin masu sayayya, amma kada a raunana wadda ta riga ta tsayu.

Batun farashi ba zan daɗe a kansa ba, don shi ne kowa ke magana a kai. A Janairun 2025 hukuma ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan kamfanoni sun nemi kashi 100. Wanda ya san kuɗin dizal da faɗuwar naira tun 2023 ya san ƙarin ba daga banza ya zo ba. Abin da zan roƙa kawai shi ne doka ta haɗa kowane ƙarin farashi da ingancin aiki, kuma in kamfani ya gaza, wani kaso na tarar ya koma wa masu layin da aka cuta kai tsaye.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa kashe musu sabis ba saboda ba a taɓa kunna musu ba. Dokar ta kafa asusu na musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Alƙaluman hukumar da kanta sun nuna a 2013 akwai yankuna 207 da babu sabis, masu mutum kusan miliyan 37, zuwa 2022 suka ragu zuwa 97 masu mutum miliyan 27. An yi ƙoƙari, amma miliyan 27 ba ƙaramin adadi ba ne, kuma duk wanda ya yi tafiya a karkarar Arewa ya ga tudun da samarin ƙauye ke hawa da yamma suna ɗaga waya sama, ko bishiyar da aka rataye waya a jikinta ana jiran kira. Irin waɗannan wurare su ne ɓarayi suka fi sakewa a cikinsu. Gyaran doka ya tilasta wa asusun ya riƙa buga kuɗin da ya shigo da sunan kowane ƙauye da aka kai wa ƙarfen sabis, da ko yana aiki ko ya mutu, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Gwamnonimmu ma suna da nasu kason. Tun 2013 aka amince da naira 145 a kan kowace mita don binne wayar intanet, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, ba ta kuma talauce ba.

Wannan magana ta fi shafar 'yan majalisar da suka fito daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Borno da Yobe da Adamawa, domin mutanen mazaɓunsu ne suka ɗanɗani makonni da watanni babu waya da umarnin gwamnati. Idan ƙudirin ya zo zaman jin ra'ayin jama'a, kamfanoni za su zo da lauyoyinsu da takardunsu a kan haraji da lasisi da kare kayan aikinsu daga masu ɓarna, kuma suna da gaskiyarsu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Gusau da Funtuwa, da masu POS, da ungozomomi da ma'aikatan asibitocin karkara, da direbobin da suka zama 'yan aiken wasiƙa a 2021, ba wanda zai aika musu katin gayyata sai in wakilansu sun nace. Ina roƙon a kai zama guda Gusau, wani Maiduguri, a yi su da Hausa da Kanuri, a buɗe sashe na 148 a karanta wa mutane shi layi-layi, a tambaye su yadda suke so a rubuta shi.